Gilashin zum na ɗaukar hoton tsuntsaye: wanne ya kamata a saro?

A cikin kayan gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Lome zuwa kasuwannin iyaka irin su Gaya, Birnin Konni da Jibiya, akan ci karo da kyamara da gilasanta. Tun shekarar 2018 da Canon da Nikon suka fito da sabbin kyamarori masu sabon baki, tsofaffin gilasai suka yawaita a kasuwar na hannu. Daga cikin masu nemansu akwai masu ɗaukar hoton tsuntsaye: ɗalibai, ma'aikatan gandun daji, da masu yi wa baƙi jagora. Wanda ya saro a makance, jarinsa zai kwanta a kanta.

Abu na farko, kada "zum sau kaza" ya ruɗe mu. Gilashi mai 18-200 zum ɗinsa sau 11 ne, mai 150-600 kuwa sau 4 kawai, amma na biyun ya ninka na farko sau uku wajen jawo abu mai nisa. Lambar ƙarshe ake dubawa. Gauraka da dinya ba sa bari a kusance su, balle tsada da ba ta cika tafin hannu ba. Milimita 300 shi ne mafi ƙaranci. A kan ƙananan kyamarori yakan yi aikin 450 a Nikon, 480 a Canon.

A sahun masu rahusa, Canon 75-300 shi ya fi yawa, mu kuwa ba mu cika yaba shi ba. Ba shi da na'urar hana rawar hannu, kuma idan aka zuƙe shi har ƙarshe hoton yakan yi dishi-dishi. Gara 55-250 STM na 2013, mai harafin IS a jikinsa, duk da ya ɗan gaza tsawo. A ɓangaren Nikon, AF-P 70-300 na 2016 yana da sauri da rashin nauyi, amma a kula: akwai mai VR, akwai maras shi, kuma ba ya aiki da tsofaffin kyamarori irin D90, D3100 da D7000. Ku tambayi mai saye wace kyamara yake riƙe da ita kafin kuɗi su shiga hannu, don kada gobe ya dawo muku da kaya.

Mai ɗan ƙarfin aljihu 150-600 na Tamron ko na Sigma zai nema. Nauyinsu ya kusa kilo 2, suna kuma son haske sosai, abin da ba mu rasa ba a nan. Kowanne akwai mai bakin Canon da mai bakin Nikon, ba sa shiga na juna.

Sai duba lafiyar kaya. A cire murafu biyu, a haska tocilar waya ta ciki. Ƙura kaɗan ba ta ɓata hoto. Ai gilashin da ke miƙewa yana zuƙar iska, ga kuma hunturunmu. Amma idan aka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, irin wadda laimar bakin teku ke haifarwa. Takan ci fuskar gilashin, gyaranta kuma kan kai kusan kuɗin sayensa. Wannan a bar wa dila abinsa. A ɗaura shi a kyamara, a saita wani abu mai nisa, a ji ko injin yana kamawa ba gargada.

Tsuntsayen Turai sukan sauko Tafkin Chadi da fadamun Hadeja da Nguru daga wajen watan Oktoba, don haka mai son ajiye irin wannan kaya ya saro tun damina ba ta ɗauke ba.