Shin Ko Kun San? Mai Zayyanar Allo

Shin ko kun san cewa zanen da ake haɗa kaya iri-iri a cikinsa, wanda ake koyarwa yau a jami'o'i, masu zayyana sun daɗe suna yin sa a tsangayun Magarya da Dungas? Allon sauka guda ɗaya yakan haɗa itace, tawada, launuka, fata, wani lokaci har da takarda.

Allon kansa aikin masassaƙi ne, galibi da itacen aduwa. Alƙalami kuwa daga karan gamba ake fere shi.

Ko kun san tawadar gargajiya gawayi ne ko baƙin tukunya a cikin ruwan ƙaro? Ƙaron shi ke riƙe baƙin, ya kuma ba shi sheƙi. Launuka ma kowanne da aikinsa: a rubutun Warshu ana sa wasali da ja, hamza kuma da ɗorawar da ake kira zarnihi. Mai zayyana yakan ɗauki launukan nan ya kewaye Fatiha da farkon Baƙara da da'irori, murabba'ai da saƙaƙƙun layuka, babu hoton mutum ko na dabba. A ganina gwaninta tana wurin daidaita layi: hannu ya ɗan karkace, dukan saƙar ta ɓaci. Daga nan baduku ya naɗe mariƙin allon da jemammiyar fata, aikin da Damagaram ta yi suna a kansa.

Shin kun san yawancin masu zayyana ba su sa sunansu a jikin aikin? Alaramma ko gardi ne ke yin sana'ar, iyayen mai sauka su biya, allo ya tafi gida a rataye shi. Abin yana damuna, don ƙwararru da yawa sun shuɗe ba a san su ba. Cikin ƴan kaɗan da sunansu ya fita akwai Sharif Bala Gabari na Kano, wanda aka buga Alƙur'anan da ya rubuta da hannu, ya kuma rasu a 2014.

Duk da haka an yi nazari a wannan fanni: malamin tarihin fasaha ɗan Sudan, Salah Hassan, ya wallafa littafi a 1992 kan fasaha da karatun allo a ƙasar Hausa.

Yanzu wasu matasa sukan zana a takarda da maka mai launi, su manna ta a allo. Ya fi sauri, amma launin maka yana saurin koɗewa idan rana ta buge shi.