Sanin Goro Ma Ilimi Ne

A jihar Kentaki ta Amurka akwai mutanen da suka mayar da ɗanɗana wiski abin sha'awa. Sukan zauna da 'yan kofuna suna sunsunawa, suna musu a kan shekarun da ta yi a ajiye. Dokarsu ma ba ta yarda a kira ta bourbon ba sai masarar ciki ta kai kashi 51 cikin ɗari, an kuma tsuma ta a sabuwar gangar katako da aka babbaka cikinta. Mu giya haramun ce gare mu, kuma a Jigawa tun shekarar 2000 shari'a ta hana ta. Amma gwanintar harshe irin wannan mun daɗe da ita, a kan goro.

Ka tsaya kusa da mai tiren goro a Kanya Babba ko Babura, ka ga yadda dattijo ke saye. Ba ya gaggawa. Zai ɗaga tsumman da aka jiƙa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jujjuya, ya danna da babban yatsa, yana neman 'yar hudar da ke nuna sankara ta shiga. Sannan ya ɓara. In ya ji ƙas, ya ga cikin fes, to an yi ciniki. Da ya gatsa, bauri ne ke fara kama harshe, sai garɗi ya biyo baya. In ya kora da ruwa ya ji zaƙi har maƙogwaro.

Goro kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai fari akwai ja. Manya su ne marsa, na kai wa surukai da manyan baƙi, ƙanana kuma minu. Hannun ruwa yauƙi gare shi, yawancin mutanenmu ba su damu da shi ba. Amma sarkinsu, a wurina, daushe ne, wato goron bara. Yadda Amurkawa ke alfahari da wiskin da ta daɗe a ganga, haka maciya goro ke ji da daushe, domin ɗanyen baurin nan ya kwanta, garɗi ya fito. Kai shi wannan matsayi aiki ne ja: a naɗe shi cikin huhu da ganye, a riƙa buɗewa ana tsince wanda ya lalace, ana sake ganyen, wata da watanni. Shi ya sa yake tsada.

Kakanninmu fatake har Gwanja suke zuwa da jakuna, su saro shi a kasuwar Salaga da ke Gana ta yau, tafiyar watanni. Yanzu daga ƙasar Yarbawa, irin su Shagamu, ake lodinsa zuwa kasuwar Mariri a Kano, daga can ya iso mana.

Abin da ke damuna, samarin yanzu sai wurin ɗaurin aure ko suna suke taɓa goro, a miƙa musu su cusa a aljihu. Da yawansu ba su iya bambanta daushe da sabon goro ba.

Sai dai a kula: goro yana da sinadarin da ke hana barci, irin na kofi, don haka mai hawan jini ko gyambon ciki ya tuntuɓi likita tukuna. Wanda kuwa yake lafiya lau, ran kasuwa ya sayi ƙwaya biyu, daushe da sabo, ya kai wa wani tsoho a unguwarsu, ya ce, "Baba, a nuna mini bambancin."