Ƙari, Maruru da Ƙullutu a Jiki: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Kafin a Sa Aska

A Indabo da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Wudil, idan wani abu ya tsiro wa mutum a jiki, ba likita ne ke fara ganinsa ba. Mutanen gida ne ke fara taɓawa, sai mai kemis, sai wanzami. Tambayar farko kuma ba ta canzawa: "Yana yi maka ciwo?" In ka ce a'a, sai a ce bar shi, ƙari ne kawai. In ka ce e, sai a aika yaro ya kira wanzami a yi sakiya.

Wannan awo da ake yi da ciwo shi ya fi damuna. Gaskiya ne yawancin abin da ke fitowa a fata ba shi da haɗari. Amma wanda ke zugi yana hana barci sau da yawa shi ya fi sauƙin magani, mai kisa kuwa yakan fara ne shiru, ba zafi ba ƙaiƙayi.

Maruru

Ƙwayar cuta ce da ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa take shiga ta gindin gashi. Wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tara mugunya. Shi ya sa ya fi fitowa a hammata, ɗuwawu, cinya da ƙeya, inda gumi da goga suke haɗuwa, musamman da bazara.

Ƙaramin maruru ba ya bukatar komai sai gashi: a tsoma tsumma mai tsafta a ruwan ɗumi, a ɗora minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana, har ya nuna ya fashe da kansa. Matsa shi tun yana ɗanye tura mugunyar ciki yake yi. Wanda ya fito tsakanin hanci da leɓen sama kuwa, kada a kuskura a matsa, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Sayen kafso biyu a kemis, a haɗiye ɗaya a farke ɗaya a barbaɗa a kan ciwon, shi ma ba magani ba ne. Koya wa ƙwayar cutar jure magani kawai yake yi.

Idan ya zo da zazzaɓi, ko jan yana yaɗuwa, ko jariri ne, a tafi asibiti a ranar. Wanda kuma maruru ke warkewa yana sake fito masa, ya je a auna masa sukari. Mutane da yawa ta nan ake gano suna da ciwon sukari.

Ƙarin kitse da jakar fata

Ka ɗora yatsu biyu a kan ƙarin da ke bayan wani dattijo ko a kafaɗarsa. In ka ji shi da laushi, yana zamewa ƙarƙashin yatsunka, fatar da ke kansa lafiya lau, kuma ya shekara da shekaru yana nan kusan yadda yake, to galibi kitse ne ya taru wuri ɗaya. Ba ya bukatar a cire shi sai in yana damun mai shi.

Akwai wani kuma mai ɗan tauri, kewayayye, a fuska, wuya ko baya, wani lokaci da ɗan baƙin ɗigo a tsakiyarsa. In an matsa sai farin abu mai kauri da wari ya fito. Wannan jaka ce ta fata a ƙarƙashin fata. Nan ne wanzami ke shan zargin da ba laifinsa ba ne kaɗai: ya tsaga, ya matse, wurin ya lafa, bayan wata uku ya sake cika. Dalili shi ne jakar tana nan ciki. Sai an ciro ta ɗungurungum, aikin da likita ke yi cikin ƙanƙanin lokaci da allurar kashe zafi.

Likitoci suna da iyaka a nan. Ƙarin da ya wuce santimita 5, wato kamar girman ƙwan kaza, ko wanda ke can ciki cikin tsoka, ko mai tauri da ba ya motsi, ko wanda ka ga yana ƙaruwa daga wannan wata zuwa wancan, ba a kiransa kitse sai an bincika.

Tabon da ya ƙi tsayawa

Yarinya an huda mata kunne, bayan watanni sai ga ƙullutu mai sheƙi yana rataye a bayan kunnen. Ko saurayi ƙurji ya fito masa a ƙirji ya warke, tabon ya ci gaba da tashi yana faɗi yana ƙaiƙayi, har ya wuce inda raunin yake. Likitoci suna kiransa keloyid. Ya fi kama baƙar fata, kuma yana bin jini a dangi.

Wannan ba ciwon daji ba ne, amma babu abin da aska ke ɓatawa kamarsa. Rauni ne ya haife shi, don haka in aka yanke shi kawai, fiye da rabi suna dawowa, sau da yawa sun fi na da girma. A asibiti allura ake yi a cikin tabon kansa lokaci bayan lokaci, in ma an yanke sai an haɗa da ita. Gidan da aka san suna da irin wannan jiki, ya kamata a yi tunani sosai kafin ƙarin hudar kunne, tsaga ko ƙaho. Ƙurajen da ke taruwa a ƙeyar samari bayan aski ƙwal-ƙwal su ma sukan rikiɗe su zama irin wannan tabo.

Waɗanda za a iya ƙyalewa

Tusar jaki a hannun yara ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma yawanci tana bajewa da kanta cikin shekara biyu. Ƙananan baƙaƙen ɗigo da ke fitowa a kumatu da wuya idan shekaru sun fara ja gado ne, ba cuta ba. Ƙurajen fuskar da man bilicin ke jawowa kuwa, maganinsu yana farawa ne daga barin man.

Kaluluwa

Kaluluwa alama ce jiki yana faɗa da cuta a kusa: ciwo a ƙafa ya tayar da ita a matsematsi, ciwon haƙori ko maƙogwaro ya tayar da ita a wuya. Tana ciwo, kuma tana sauka cikin mako biyu zuwa uku.

Wadda ba ta ciwo, ta wuce wata guda a wuya, ga rama da gumin dare, ita ce abin tsoro. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana zama a kaluluwar wuya ko da mutum ba ya tari. In aka yi mata sakiya sai ta zama rami mai tsiyaya da ba ya rufewa, alhali maganin wata shida ne kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. A yara kuma akwai kumburin muƙamuƙi da ke girma cikin makonni, har haƙora su fara girgiɗi. Iyaye sukan ɗauka hangum ne. Wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana shi a Yuganda a 1958, kuma ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu. Daji ne mai saurin gaske, amma yana cikin waɗanda suka fi jin magani in an kai yaro da wuri.

Ƙulli a nono, na mace ko na namiji, ba ya cikin abin da ake jira a gani. A kai shi asibiti.

Tafin ƙafa da tsohon gyambo

A ƙasashen Turawa dajin fata yakan fito ne inda rana ke duka. A wurinmu ba haka ba ne, in ban da zabiya, waɗanda rana ke yi wa illa sosai a fuska, kunne da wuya, kuma suke bukatar malfa da riga mai dogon hannu tun suna yara. Ga sauranmu, wurare biyu ne abin lura.

Na farko tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Manomi ya ga baƙin tabo a diddigensa, ya ce ƙaya ce ta soke shi a gona. Tabon yana faɗi, gefensa ba daidai ba, daga baya ya tashi ya fara jini. Irin wannan ne ya fara a yatsan ƙafar mawaƙin Jamaika Bob Marley, ya kuma yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

Na biyu tsohon gyambo a ƙwauri, ko tabon ƙunar wuta na shekaru da yawa. Idan bakin gyambon ya fara tudu yana juyowa waje, yana wari, yana jini da an taɓa, mai yiwuwa ya rikiɗe. Likitocin da ke duba naman da aka ciro a Kano sun daɗe suna ganin cewa ƙafa ce mazaunin dajin fata a wannan yanki.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Kowa ya san wannan magana, kuma ta hana mutane da yawa zuwa asibiti. Ba daga sama ta faɗo ba. Mutane sun ga an yi wa ɗan'uwansu aiki, bai daɗe ba ya rasu. Abin da ba su gani ba shi ne shekara biyun da aka yi ana shafe-shafe da hayaƙi kafin a kai shi, lokacin da cutar ta riga ta bazu. Sun kuma ga ƙarin da aka tsaga a gida ya ƙi warkewa ya tumbatso, wannan kuwa gaskiya ne: tsaga daji a bar rabinsa a ciki ɓarna ce.

Ban faɗi haka don rage wa wanzamai daraja ba. Sana'a ce ta gado, kuma na san akwai masu duba ƙari su mayar da aska cikin zabira su ce, "Malam, wannan ba nawa ba ne, ka je Wudil." Irinsu nake fata su yawaita. Askar da ba a dafa ba kuma tana iya ɗauko ciwon hanta ko ta jawo sandarewar jiki.

Inda za a nufa

A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Wudil. Abin da ya fi ƙarfinsu za su tura Kano: Asibitin Murtala, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Bela da aka sani da cututtukan fata. Kafin ka tafi, ka tuna lokacin da abin ya fara, ko da da lissafin damina ko azumi ne. In akwai waya a ɗauki hotonsa duk wata tare da tsinken ashana a gefe, don a ga ko yana girma. Ka faɗa wa likita duk abin da aka shafa ko aka sha, kada ka ɓoye tsagar da aka yi.

In an yi aiki an ciro wani abu, ka tambaya ko za a kai shi ɗakin gwaji. Za a sa shi a kwalba da ruwan magani, sakamakon yakan ɗauki makonni, kuma akwai kuɗin biya. Mutane da yawa da sun ga ɗinki ya warke ba sa komawa karɓar takardar. Ka koma ka karɓa, ka kai wa likitan da ya yi aikin ya karanta maka, ka tambaye shi ko an cire duka da kuma ranar da za ka dawo a sake dubawa.