Ƙarin sinadarai a abincin jatan landen kiwo: ina amfaninsu ya tsaya?

A ƙasar Sin, musamman lardin Hubei, ana kiwon wani jan jatan lande na fadama mai hannaye biyu kamar awartaki, wanda asalinsa daga jihar Luwiziyana ta Amurka da kewayenta ne. Abin da Sin ke samarwa a shekara ya haura tan miliyan 2, galibi a cikin gonakin shinkafa. Ba shi ne busasshen nan da ake dakawa a zuba a miya ba. Wancan ƙananan jatan lande ne da ake kamowa a gaɓar teku. Kasuwa mai wannan girma ba ta rasa 'yan talla, shi ya sa kamfanoni ke ta fito da garin bitamin da na yis da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, kowa na cewa nasa ne sirrin girma. Ba ƙarya suke yi ɗungurungum ba, amma sun fifita abin da ya kamata ya zo na uku, bayan ruwa da ainihin abinci.

Ɓawon wannan halitta ba ya miƙewa, don haka ba ta girma sai ta yi saɓa. Kafin saɓar, takan janye kalsiyam daga tsohon ɓawo ta tara shi a matsayin wasu fararen duwatsu biyu a jikin tumbinta, ta narkar da su daga baya don ƙarfafa sabon. Ajiyar ba ta isa, sauran daga ruwa take zuƙa, abin da ya sa manoma ke zuba farar ƙasa a tafki. A kwanakin da jikin yake da taushi, 'yan uwanta ma cinye ta suke yi. Akwai kuma abin da jikinta ba ya iya haɗawa sam: kolestarol, wanda daga shi ake samun sinadarin da ke tayar da saɓar, da launin astazantin da ke sa ɓawo ya yi ja. Fosfaras ma kaɗan ne a ruwa. Waɗannan dole su shigo ta baki, kuma a nan ƙari yake da hujja.

Batun lafiya ya fi sarƙaƙiya. Jikin jatan lande ba ya riƙe tarihin cutar da ya taɓa yi yadda na kaza ko saniya ke yi, saboda haka rigakafi irin wanda aka saba ba ya yi masa aiki. Ga cutar farin tabo, wadda ta ɓulla a tafkunan Luwiziyana a 2007, ba ta da magani. Ga shi kuma Tarayyar Turai ta hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙara girma tun 2006, Sin ta bi sahu a 2020. Giɓin nan ne yis da bakteriya masu amfani ke neman cikewa. Suna ƙara wa jiki juriya, ba sa warkarwa.

Wani zai ce manoman Luwiziyana ba su cika ba da abincin kamfani ba, ruɓaɓɓen karan shinkafa da ƙwarin da ke cikinsa ne abincin, kuma suna girbi. Haka ne, sai dai ba sa cunkusa dabbobin. Inda aka cunkusa, abincin da tafki ke samarwa da kansa kan ƙare tun kafin lokacin kamu. Wani kuma zai kawo gwaje-gwajen masana da suka nuna ƙarin nauyi. Yawancinsu a tankuna aka yi su, na 'yan makonni, inda babu abin ci sai wanda aka zuba, don haka ribar da za a gani a cikin laka ba lallai ta kai haka ba. Manomin da iska ta yi ƙaranci a ruwan tafkinsa da asuba, ya fara kashe kuɗinsa a kan gyaran ruwan kafin ya sayi ko da ƙulli ɗaya na bitamin.