Kalmar "Maigida" da Sauyin Matsayin Uba a Zangunan Accra: Misalin Nima da Mamobi

1.0 Gabatarwa

Abin da yake fara jan hankalin ɗalibin da ya saurari Hausar zangunan ƙasar Gana shi ne ɓacewar jinsin nahawu. Inda Bakano zai ce "yarinya ta tafi makaranta", a Nima sau da yawa za a ji "yarinya ya tafi makaranta". Wato lamirin namiji ya haɗiye na mace. Sai dai wannan daidaito a nahawu ya tsaya. A cikin gida aikin miji daban, na mata daban, kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa. Wannan takarda za ta ɗauki kalma guda, maigida, ta bi sawunta a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra, wanda tsofaffin Hausawan can suke kira Ankara. Manufa ita ce a nuna yadda kalmar ta zauna daram a bakin mutane alhali abubuwan da aka gina ta a kansu suna zamewa, da kuma abin da hakan yake jawo wa maza da iyalinsu.

2.0 Maigida a Tarihin Zango

Zango asalinsa masaukin ayari ne. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja shi ya kafa irin waɗannan masaukai, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa da malamai da yawa suka gangara kudu zuwa Kumasi da Accra. Nima ta zo daga baya: a farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa ya sami filin daga wani gida na mutanen Ga, sannan unguwar ta cika da baƙi daga arewacin Gana da Nijeriya da Nijar da Mali da ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. Yawancinsu ba Hausawa ba ne, amma Hausa ce ta haɗa su.

A wannan muhalli kalmar maigida ta ɗauki ma'ana fiye da ta "mijin mace". Maigida shi ne fatoma, mai saukar baƙo, mai tsaya masa a ciniki, mai lamunce masa bashi, wani lokaci har ya yi masa aure. Masana irin su Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Sabo ta Ibadan (1969), da Enid Schildkrout a zangon Kumasi (1978), da Deborah Pellow a Sabon Zango na Accra (2002) duk sun nuna cewa iko a zango yana bin mallakar gida. Ke nan maigida yana da muhalli, yana ciyarwa, kuma ana jin maganarsa. Da wannan ma'auni ne har yau ake auna magidanci, ko da kuwa ba shi da ko bulo ɗaya.

3.0 Maigida a Ɗakin Haya

Galibin mazauna Nima da Mamobi 'yan haya ne. Gidan zango babban tsakar gida ne kewaye da ɗakuna, kowane ɗaki da iyalinsa, wurin wanka na tarayya, bayan gida kuwa sau da yawa na unguwa ne wanda ake biya a shiga. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba na fiye da wata 6, amma abin da aka saba gani shi ne mai gida ya nemi na shekara ɗaya ko biyu. A nan ya kamata ɗalibi ya lura da wani bambanci na rubutu: mai gida, a rabe, shi ne wanda ya mallaki ginin, maigida, a haɗe, shi ne mijin da yake kwana a ɗaki guda da mata da 'ya'ya. A zangon da, mutum ɗaya ne yake ɗauke da sunayen biyu. Yanzu na biyu yana bin na farko da haƙuri duk ƙarshen shekara.

Batun ciyarwa ya fi wannan sarƙaƙiya. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne aka fi bi a zango, ci da tufafi da muhallin mace suna wuyan miji, kuma abin da ta samu da sana'arta nata ne. Alamar wannan nauyi ita ce kuɗin cefane da ake ajiyewa da safe. To amma matan zangon Accra ba a san su da kulle irin na tsohon birnin Kano ba. Su ne suke sayar da koko da ƙosai da asuba, da wake da shinkafa, wanda sunansa ya shiga harsunan Gana a matsayin waakye, da tuwon da kowa a ƙasar ya sani da tuo zaafi. Wasu suna da tebur a kasuwar Nima, wasu suna sarin atamfa. Ribar irin wannan sana'a kaɗan ce, amma kullum tana shigowa, kuma adashi yana tara ta. Aikin maza kuwa, tuƙi ne ko ɗinki ko fawa ko gadi ko dillanci, yau akwai gobe babu. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, kuma a irin wannan lokaci kuɗin da miji ya ajiye da safe ba ya kai tukunya ga wuta sai mata ta cika.

Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne yadda ake rufe wannan giɓi da magana. Matar da ta biya kuɗin littattafan yara tana iya cewa "babansu ya ba da". Ana kiran wannan rufin asiri, kuma ana yaba wa macen da ta iya shi. Yana kare mutuncin miji, babu shakka. Amma yana da tsada: gudummawar mace ba ta shiga lissafi, don haka idan aka zo yanke shawara kan makarantar yarinya ko sauya gida, sai a koma wa tsohon tsari kamar ba ta sa ko sisi ba.

4.0 Abin da Namiji ba ya Faɗa

Hausa tana yabon namiji da jurewa. Idan aka ce wa mutum "ka yi ta maza", ana nufin ya haɗiye abin da yake damunsa. Magidancin da ya fita da safe bai bar komai ba, ba shi da kalmar da zai bayyana halinsa da ita wadda ba za ta zama tonon asiri ba. Saboda haka wasu sukan fita kafin gari ya waye, su dawo bayan yara sun yi barci. Samari da matasan magidanta suna da dandalinsu a bakin layi, wanda a Nima ake kira bes, inda ake dafa shayi ana hirar ƙwallo da siyasa da hanyar fita waje. A nan ake samun labarin aiki da rancen gaggawa, kuma a nan ne mafarkin Libiya da Turai yake kama mutum. Tafiyar kanta wata hanya ce ta zama maigida daga nesa: uba yana aiko da kuɗi, ɗa yana girma da muryarsa a waya.

Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, kuma a 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka. Asibitin masu taɓin hankali na Accra ma ba shi da nisa da Nima. Matsalar ita ce kalmomin da ake da su, hauka da taɓin hankali, sun yi nauyi ƙwarai. Damuwa kuwa ta yi sauƙi har ba a ɗauke ta ciwo ba. Mutumin da ya kasa barci wata uku saboda kuɗin haya zai fi zuwa wurin malami ko limami, kuma hikimar ma'aikatan lafiya ita ce su yi aiki tare da waɗannan, domin su ne ake gaya wa.

5.0 Uba da Jariri

A al'adar Bahaushe akwai kunya tsakanin iyaye da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Haihuwa kuma sha'anin mata ne. Mai jego takan koma gidan iyayenta ta yi wanka na kwana 40, aikin uba shi ne itace da nama da ragon suna. Wannan tsari yana tafiya ne idan kaka tana kusa. A Nima kuwa tana iya kasancewa a Bawku ko Tamale ko Dosso, kuma ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar baƙuwa ta wata guda. Idan mata ta tashi ƙarfe huɗu don ɗora koko, dole wani ya yi wa yara wanka ya kai su makaranta. Ta wannan ƙofa ta larura ne sabon salon uba ya shigo zango, tun kafin a yi masa suna a taron ƙara wa juna sani. Malaman da suke goyon bayansa sukan kafa hujja da ruwayar Nana A'isha da ke cikin Bukhari, wadda ta nuna cewa Annabi (SAW) yana taimaka wa iyalinsa da aikin gida. Duk da haka namijin da aka gani da goyo ko yana wanke-wanke a tsakar gidan haya, inda idon maƙwabta yake kansa, bai tsira daga laƙabin mijin-ta-ce ba, kuma sau da yawa mata ne suke fara liƙa masa.

Doka ta taɓa wani ɓangare ta bar wani. Dokar yara ta 1998 ta ɗora nauyin kula da ɗa a kan iyaye biyu, kuma uwa tana iya kai ƙarar uban da ya ƙi ciyarwa gaban kotun iyali. A 2024 an sa hannu a dokar da ke neman ƙara yawan mata a muƙamai. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba uwa hutun haihuwa na aƙalla mako 12, ba ta ambaci uba ba. Nijeriya ta amince da kwana 14 ga maza ma'aikatan tarayya a 2021. Ko da Gana ta bi sahu, hutun zai isa ga mai albashi ne, alhali yawancin mazan Nima da Mamobi su ne iyayen gidan kansu a wurin aiki. Telan da ya rufe shago daga ranar haihuwa zuwa ranar suna ya yi asarar ɗinkin mako guda, a daidai makon da ake jiran ya kawo rago.