Gajiyar Jiki da Gajiyar Ƙarfe

Gajiya kalma ce da Bahaushe ke furtawa tun kafin ya karya kumallo. Da an ce "ina kwana?" sai "ina gajiya?" ta biyo baya, amsar kuma a shirye take: "ba gajiya," ko "gajiya ta bi lafiya." Ɗan dakon da ya wuni yana sauke buhuna a kasuwar Tarauni a Kano, ko da ƙafafunsa na rawa, amsar da zai bayar ke nan, domin ba a kai ƙarar jiki a bakin gaisuwa. Duk da haka al'ada ta san hidima tana cin jiki, shi ya sa washegarin biki ko suna 'yan'uwa kan koma gidan su yi ban gajiya.

Kalmar ta yi rassa da yawa. Wanda ya ce "na gaji da halinka," haƙurinsa ne ya ƙare. Gajiyayye kuwa shi ne wanda tsufa ko cuta ko talauci ya karya masa ƙarfi har ba ya iya ɗaukar nauyin kansa. Akan ce mota ta gaji, riga ta gaji, takardar kuɗi ta gaji. A rubuce "ya gaji" na iya nufin gado, kamar a ce ya gaji mahaifinsa, amma wannan kalma ce daban, jan wasali ne ke raba su a baki.

A wurin likita gajiya alama ce, kuma ƙofa ce da cututtuka masu yawa ke shigowa ta cikinta. Mara lafiyar da ya je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 yake kuma kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, ya ce "jikina ne ya mutu," aikin farko shi ne a tantance abin da yake nufi: kasala ce, ko barci ne ke fizgarsa, ko haki yake yi, ko wata gaɓa ce ta daina ɗaukar nauyi. Sai babbar tambaya, wato ko hutu yana kawar da ita.

Gajiyar yau da kullum hutu ne maganinta. Tsoka ta ƙone makamashin da ta tanada, a ƙwaƙwalwa kuma wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa muddin mutum na farke, shi ke sa ido ya yi nauyi. Sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da kofi yana toshe wa adinosin hanya na 'yan sa'o'i, sai mutum ya ji ya wartsake, alhali bashin barcin na nan bai biya ba.

Wadda hutu ba ya kawarwa ita ce abin dubawa, kuma a ƙasar Hausa ƙarancin jini ne kan gaba. Jajayen ƙwayoyin jini su ke kai iskar oksijin ga tsoka da ƙwaƙwalwa. Idan suka ragu, hawa bene ɗaya ma sai ya zama aiki. Shi ya sa likita kan ja fatar ƙasan ido ya duba, ya buɗe tafin hannu, ya ga ko sun yi fari fat, kafin ya tura awon jini. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin, tsutsar ciki tana zuƙe jinin, kwanika da ƙarancin abinci mai gina jini suna rage wa mace ajiyarta. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 kawai take yi. Ƙoda ma tana da hannu, domin ita ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jini, don haka masu ciwon ƙoda da ke zuwa wankin jini a asibitin na Gyadi-Gyadi, inda aka fara dashen ƙoda a 2002, kusan duk da kasala suke fama.

Akwai wata cutar da ta fi ban tausayi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana ciwon raunin zuciya da ke kama mata dab da haihuwa ko watanni kaɗan bayanta, arewacin Najeriya kuma na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Mai jego takan fara da kasala, sai kumburin ƙafa, sai haki idan ta kwanta. Sau da yawa mutanen gida sukan ce gajiyar haihuwa ce, a ci gaba da wankan jego da kunun kanwa, har sai abin ya ci ƙarfinta. Ciwon suga, tarin fuka da ciwon damuwa su ma sukan fara da kasala.

Abin da ke ɓoye waɗannan alamomi shi ne "maganin gajiya" na kemis, haɗin ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙullin leda. Wasu daga cikinsu, idan aka daɗe ana sha, suna cin tumbi su lalata ƙoda. Mafi muni shi ne tiramol da wasu leburori da direbobi ke sha don kada su ji aiki. Ciwon yakan yi shiru, ɓarnar kuma ta ci gaba.

A unguwar Hotoro a Kano, inda ma'ajiyar mai ta NNPC take a kan titin Maiduguri, tankoki da tireloli ba sa yankewa, kuma a jikin kowace akwai gajiya iri biyu. Ta farko ta direba ce. Wani bincike da aka wallafa a 1997 daga Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa sukan yi rauni kamar na wanda ya sha giya gwargwadon da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Gyangyaɗin daƙiƙa 4 a gudun kilomita 90 cikin awa yana nufin mota ta ci mita 100 babu mai tuƙa ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana shawartar direba ya huta minti 15 bayan kowane tuƙin awa 4.

Ta biyu ta ƙarfen motar ce. Duk wanda ya taɓa tsinka waya babu filaya ya san sirrin: ja ba ya tsinka ta, amma a lanƙwasa ta gaba da baya sau goma ko ashirin, sai ta yi ɗumi ta rabu biyu. Wannan shi injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe, wato karyewa saboda nauyin da ke zuwa yana tafiya sau dubbai ko miliyoyi, ko da kowane zuwa ɗaya bai kai ya karya shi ba. Injiniyoyin Faransa da Ingila ne suka aro kalmar daga jikin ɗan Adam a ƙarni na 19. A 1842 sandar ƙafafun wani jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Paris ta karye, taragai suka kama da wuta, mutane da dama suka mutu. Bayan haka wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya irin waɗannan sanduna a na'ura yana ƙirga zagayen da kowace ke yi kafin ta karye. Ya gano cewa gwargwadon ƙaruwar nauyi, gwargwadon gajartar rayuwar ƙarfe.

Sai dai aron kalmar yana da yaudara a cikinsa. Mutum yana barci ya tashi garau, ƙarfe kuwa ba ya warkewa da hutu. Tankar da aka ajiye shekara guda za ta tashi da duk tsagar da ta kwana da ita.

Bakanike mai lura yakan karanta tarihin a fuskar karayar. Idan sifirin ko kusar taya ta karye, a ɗaga guntun a duba: wani sashe sumul yake, da layuka masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a kan yashi, wani lokaci har da tsatsa, sauran kuma gautsi-gautsi yana ƙyalli. Sashen mai sumul tsohuwar tsaga ce da ta yi watanni tana rarrafe, ɗayan kuma shi ne abin da ya rage ya ɓalle farat ɗaya. Tsagar takan fara a kusurwa mai kaifi, ko bakin rami, ko gefen walda mara kyau. Wannan darasi ya ci rayuka a 1954, lokacin da jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sama kusa da Italiya cikin wata uku. Masu bincike suka saka gangar jikin wani jirgin a ƙaton tankin ruwa, suna matsa ta suna saki, har ta tsage daga kusurwar wata taga bayan kimanin zagaye 3,000.

Kwalta da gada ma suna gajiya. Tsagewar nan mai kama da fatar kada da ake gani a titi kafin rami ya buɗe, sakamakon lanƙwasuwar kwalta ne a ƙarƙashin taya sau da yawa. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da take wa titi takan ninku kusan sau 16. Don haka tirela ɗaya mai lodin wuce kima ta fi dubban a-daidaita-sahu cin hanya, kuma tsawon ran gada irin ta shatale-talen Hotoro, wadda aka buɗe a 2023, ya rataya ne a kan nauyin da ke bi ta kanta da kuma yawan duba ta.

Duban ba lallai ya yi tsada ba. Ma'aikatan jirgin ƙasa na dā sukan bi ƙafafun tarago da guduma suna ƙwanƙwasawa, lafiyayyen ƙarfe ya yi amo, mai tsaga ya yi ƙaran-ƙaran. Wata tsohuwar dabarar ita ce a shafa wa ƙarfe kananzir, a goge, a barbaɗa alli, sai man da ya shige tsagar ya tsattsafo ya zana layinta. A yau ana amfani da rini na musamman, da maganaɗisu, da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe ta saurari dawowarsa, ana kuma ƙayyade wa sassan jirgin sama adadin tashi da saukar da za su yi kafin a cire su, ko da a ido lafiyarsu ƙalau.