Keke ɗaya, 'yan koyo goma

Uban da zai kai ɗansa koyon ɗinki ba ya tsayawa karanta allon shago. Leƙawa yake yi ya ƙirga kekuna, ya ƙirga yara. In keke ɗaya ne yara goma, ya san ɗansa a guga da sa maɓalli da aiken sayo zare zai ƙare, sai ya wuce shago na gaba ko da ya fi tsada.

Makarantun jinya da ungozoma da na kiwon lafiya masu zaman kansu da ke ta tsirowa a Kano da Kaduna, da yawansu a allo suke gasa: fenti, doguwar katanga, talla a rediyo, rangwamen kuɗin fom. Duk wannan maƙwabci zai kwaikwaya kafin shekara ta zagayo. Keken ɗalibar ungozoma kuwa ɗakin haihuwa ne. Sau nawa ta karɓi haihuwa da hannunta, malama na tsaye a kanta? Sau nawa ta laluba jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse? Makarantar da ke jingine da asibiti mai cunkoso, irin Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, tana da abin da ba a sayowa dare ɗaya. Wadda ba ta da shi, gara ta ƙulla yarjejeniya da asibiti, ta riƙe malamanta da albashi mai kyau, kafin ta ƙara bulo ko ɗaya. Dama Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ita ke yanke wa kowace makarantar jinya da ungozoma adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma malamai da wurin gwaji na cikin abin da take dubawa. Mai cusa ɗalibai fiye da ƙima, ranar rajistar jarrabawa asirinsa ke tonuwa, iyaye kuma ba sa mantuwa.

Sannan ba dole a yi ta kokawa kan ɗaliban birni ba. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, ƙauye ya shiga ya nemo 'yan mata da matan aure da sakamakonsu na kimiyya bai kai ba. Aka ba su karatun share fage, aka tanadi masauki da wurin rainon jarirai, aka zauna da mazaje da masu gari har suka amince, bisa sharaɗin in sun gama za su koma yi wa garinsu aiki.